Mallaka, Amana da Lamuni: Nazari a kan Sauya wa Wayar Hannu Babbar Manhaja

Tambayar abin da mutum ya mallaka idan ya sayi wayar hannu ba ta cika tasowa ba muddin wayar tana aiki lafiya, domin mai ita yana kira, yana aika saƙo, yana karɓar kuɗi, kuma babu abin da zai sa ya tsaya binciken iyakar ikonsa a kanta. Tana tasowa ne ranar da ya yi niyyar cire babbar manhajar da kamfani ya saka mata domin ya ɗora wata, ko ranar da aka fara wannan aiki ya cije, wayar ta tsaya a kan tambarin kamfani ta ƙi gaba ta ƙi baya. A wannan hali ne mas'aloli uku da malaman fiƙihu suka daɗe suna tattaunawa suke haɗuwa a kan teburin mai gyara: mas'alar mallaka, wato wane ne yake da ikon sarrafa abin, mas'alar amana, wato maganar wa za a gaskata game da abin da ido ba ya gani, da mas'alar lamuni, wato wane ne zai ɗauki asara idan abu ya lalace.

Abin da ake nufi da babbar manhaja shi ne tarin umarnin da yake tafiyar da wayar gaba ɗaya, wanda yake shiga tsakanin ƙarfen na'ura da ƙananan manhajoji irin su WhatsApp, yana raba musu ma'adana da wutar batir da damar amfani da kyamara. Mafi yawan wayoyin da suke hannun jama'a a Yamai suna aiki ne da Android, wadda kamfanin Google ya saya a shekarar 2005, aka fara sayar da waya mai ɗauke da ita a 2008, kuma an gina ta a kan cibiyar Linux da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991. Da yake tushen Android a buɗe yake ga duk mai son karantawa da gyarawa, ƙungiyoyin ƴan sa-kai sun riƙa ɗaukarsa suna fitar da nasu nau'in. Mafi shahara a cikinsu ita ce CyanogenMod, wadda ta tsaya a ƙarshen 2016, LineageOS ta gaje ta, sannan akwai /e/OS da Bafaranshe Gaël Duval ya assasa domin rage bayanan da waya take aika wa Google. Ɗora irin wannan manhaja, ko sake ɗora ta asali bayan ta lalace, shi ne aikin da masu gyara suke kira filashin, masu Faransanci kuma su ce filashe.

Dalilin da yake kai mutumin Yamai ga wannan aiki ya fi kusa da tattali fiye da sha'awa. Waya a nan takan daɗe a hannu, ta fita daga hannun miji zuwa na mata, daga na wa zuwa na ƙane, alhali kamfanin da ya ƙera ta ya daina aiko mata da sabuntawa tun shekarun baya, sai ta yi nauyi, sababbin manhajoji su ƙi hawa, ƙofofin da ɓarayin intanet suka gano a cikinta su zauna a buɗe. Tarayyar Turai ta wajabta wa kamfanoni, daga watan Yuni na 2025, su ci gaba da sabunta babbar manhajar wayoyin da ake sayarwa a can na aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurin, amma wannan doka ba ta hau kan wayar da aka ƙera domin kasuwar Afirka ba. Saboda haka ne rumfunan masu gyara da suke kewayen Babbar Kasuwa, wadda Zabarmawa suke kira Habu Bene, da na Katako da Wadata, suka zama wurin da ake ƙara wa tsohuwar waya kwana. Sai dai akwai wani cikas da ya keɓanci wannan kasuwa: wayoyin Tecno da Itel da Infinix, waɗanda duka na kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, su suka fi yawa, kuma da wuya a same su a jerin wayoyin da LineageOS take tallafa wa a hukumance, wanda samfuran Google da Xiaomi da Motorola da Samsung suka fi cikawa. Mai irin wannan waya yakan koma ga fayilolin da ba a san wanda ya haɗa su ba, kuma daga nan yawancin matsaloli suke farawa.

Ƙofar da aka kulle

Kafin a ɗora baƙuwar manhaja, dole a buɗe wata ƙaramar manhaja da ake kira butloda, wadda ita ce take farkawa da zarar an danna maɓallin kunnawa, aikinta kuma kamar na mai gadin ƙofa ne: tana duba hatimin kamfani a jikin babbar manhaja, idan ta gan shi ta ba ta hanya, idan ba ta gan shi ba ta hana ta tashi. Mai son buɗe ta yakan shiga saitin waya ya taɓa lambar ginin manhaja sau bakwai har ɓoyayyen sashen masana ya bayyana, ya kunna izinin buɗewa, ya haɗa wayar da kwamfuta, sannan ya aika umarni. A daidai wannan lokaci wayar takan goge duk abin da yake cikinta, hotuna da lambobi da saƙonni, kuma daga ranar za ta riƙa nuna gargaɗi duk lokacin da aka kunna ta cewa ba a iya tabbatar da amincinta. Kamfanoni sun bambanta wajen barin wannan ƙofa. Huawei ya daina ba da lambar buɗewa tun 2018, Xiaomi ya daɗe yana sa mai nema ya jira kwanaki, sau da yawa sa'a 168, Samsung kuwa ya sa wata alama ta tsarin Knox a cikin na'urar, wadda take ƙonewa sau ɗaya idan an ɗora baƙuwar manhaja kuma ba ta komawa yadda take ko da an mayar da ta asali.

A nan ne mas'alar mallaka take bayyana a fili, domin mutum ya biya kuɗinsa cif, ya karɓi kaya, amma ya tarar da ɗaki a cikin gidan da ya saya wanda mabuɗinsa yake hannun mai sayarwa. Malamin Malikiyya Shihabuddin Alƙarafi, wanda ya rasu a Masar a 1285, ya bambanta a littafinsa Alfuruƙ tsakanin mallakar amfanin abu, irin ta ɗan haya da yake iya zama a gida ko ya saka wani, da izinin amfana kawai, irin na ɗalibin da aka ba masauki a makaranta, wanda zai zauna da kansa amma ba zai sayar da gurbin ba. Idan aka auna waya da wannan ma'auni za a ga abu biyu ne aka haɗa a ciniki ɗaya: ƙarfe da gilashi da batir, waɗanda mai saye ya mallaki ainihinsu, da kuma manhaja, wadda takardar yarjejeniya take cewa an ba shi izinin amfani da ita ne kawai. Wannan rabo yana da gindin zama, domin Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait cikin Disamba 1988, ta yanke cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira haƙƙoƙi ne masu ƙima da shari'a take karewa. Amma haƙƙin kamfani a kan manhajarsa yana hana a kwafe ta ne a sayar, kuma da wuya a ce ya kai ga tilasta wa mai waya ya ci gaba da riƙe ta a cikin na'urar da ya mallaka, kamar yadda haƙƙin mai littafi bai hana wanda ya sayi allo ya wanke rubutun da ya tarar a kai ya rubuta wani ba.

Fiƙihun Malikiyya ya yi magana a kan sharaɗin da yake ƙuntata wa mai saye, kamar a sayar masa da abu bisa sharaɗin ba zai sayar ba ko ba zai bayar kyauta ba, kuma ya ɗauke shi sharaɗin da ya saɓa wa manufar ciniki. A ɗaya ɓangaren, asali shi ne Musulmi ya cika sharaɗin da ya amince da shi matuƙar bai halatta haram ba. Hanyar haɗa waɗannan ƙa'idoji biyu ita ce a rarrabe tsakanin hani da janye alkawari: kamfanin da ya ce garantinsa ya faɗi idan an buɗe butloda bai zalunci kowa ba, domin ba a tilasta wa mutum ya lamunci aikin da wani ya yi, amma kamfanin da ya toshe ƙofar gaba ɗaya, sannan ya daina sabunta manhajar, ya bar mai saye da dukiyar da ba shi da ikon gyara ta, shi kuma mai ikon ya juya baya. Richard Stallman, wanda ya fara aikin GNU a 1983, ya gina dukan kiransa a kan wannan batu, cewa wanda ba shi da ƴancin karanta manhaja da gyara ta, manhajar ce take juya shi. Hausawa sun riga sun faɗi makamancin haka da suka ce zanen aro ba ya rufe katara.

Isnadin na'ura

Buɗe ƙofa, duk da haka, ba ya fitar da mutum daga dogaro da wani, illa dai ya sauya masa wanda zai dogara da shi. Tsarin tashin waya sarƙa ce: akwai ɗan guntun umarni da aka dasa a cikin ƙwaƙwalwar na'ura tun a masana'anta wanda ba ya goguwa, shi yake tantance mataki na biyu, na biyu ya tantance na uku, har a kai ga babbar manhaja. Duk wanda ya yi karatun hadisi zai gane wannan siffa, domin ita ce siffar isnadi, inda kowane mai ruwaya yake karɓa daga wanda ya san amincinsa, kuma yankewar mutum ɗaya take raunana dukan ruwayar. Mai buɗe butloda ya yanke isnadin kamfani da hannunsa, don haka wajibi ne a kansa ya kafa wani a madadinsa, ya san daga ina fayil ya fito, wa ya haɗa shi, kuma ko ya iso yadda aka aiko shi. Masu manhajojin kirki sukan wallafa wata doguwar lamba tare da kowane fayil, wadda ake lissafa ta da tsarin SHA-256, kuma idan ko harafi ɗaya ya sauya a hanya lambar ba za ta dace ba. Wannan shi ne muƙabala, wato gwada kwafin littafi da asalinsa, wadda magabata ba sa yarda da kwafi sai an yi ta, kuma ta fi zama dole a wurin da rezo yake yankewa a tsakiyar sauke fayil mai nauyi.

Ba za a ce isnadin kamfani kullum ingantacce ba ne. A shekarar 2020 masu binciken tsaro na Secure-D sun bayyana cewa sun samu muguwar manhajar Triada a cikin wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000 da aka sayar a ƙasashen Afirka, tun daga kwali, kamfanin kuma ya danganta abin ga wani mai kawo masa kaya. Ken Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Unix, ya nuna tun 1984 cewa babu yadda mutum zai tabbatar da amincin manhajar da bai rubuta dukanta da kansa ba, domin ana iya ɓoye cuta a cikin kayan aikin da ake haɗa manhajar da su. Ma'anar wannan ita ce amana ba ta da makawa, abin da ya rage wa mai hankali shi ne ya zaɓi inda zai ajiye ta bisa hujja. Manhajar da tushenta yake a buɗe, mutane da yawa suna dubawa, ta fi kusa da ruwayar da ta zo ta hanyoyi masu yawa, fayil ɗin da aka tsinta a wani shafi marar suna kuwa, ko aka turo ta WhatsApp, hukuncinsa hukuncin ruwayar wanda ba a sani ba ne, kuma saka shi a wayar da ake aika kuɗi da ita ta Nita ko Amana ko Airtel Money ganganci ne da dukiya.

Neman sababi

Idan aikin ya cije, alamominsa sanannu ne. Wani lokaci wayar takan nuna tambari ta mutu ta sake nunawa ba iyaka, wani lokaci ta tashi amma kyamara ko sauti ya ƙi aiki, wani lokaci kuma ta yi baƙi ƙirin ko caji ba ta nunawa, abin da Turawa suke kwatantawa da tubali. Kowace alama tana da sababinta: fayil na wani samfuri ne mai kama da wannan a suna, ko ba a goge ragowar tsohuwar manhaja ba, ko kebul ya motsa, ko wuta ta ɗauke a tsakiyar rubutu, abin da ba baƙo ba ne a Yamai cikin zafin Afrilu da Mayu, ko kuma an yi ƙoƙarin mayar da waya ga tsohon nau'i alhali kamfani ya sa mata kariyar hana komawa baya. A wayoyi masu ƙwaƙwalwar MediaTek akwai kuskure ɗaya da ya yi ƙaurin suna: manhajar SP Flash Tool tana ba da zaɓi tsakanin rubuta sabo kawai da share komai kafin rubutawa, kuma wanda ya zaɓi na biyu ba tare da ya ajiye kwafi ba yakan share sashen da lambar IMEI take, wato lamba mai alƙaluma 15 da rezo yake gane wayar da ita. Wayar za ta tashi tsaf, fuskarta tana haske, amma ko layin Airtel aka saka mata ko na Moov ko na Zamani ba za ta kira kowa ba. Garin neman gira an rasa ido.

Hanyar da gwanin mai gyara yake bi wajen gano matsala ita ce hanyar da malaman usulu suke kira sabru da taƙsimi, wato a jera duk abin da zai iya zama dalili, sannan a riƙa jarraba su ɗaya bayan ɗaya ana zubar da wanda bai tabbata ba har a tsaya a kan na gaskiya. Yakan sauya kebul ya bar sauran yadda suke, idan ba a dace ba ya sauya ramin kwamfuta, sannan ya sake sauke fayil, domin wanda ya sauya abu uku a lokaci ɗaya, ko da wayar ta tashi, bai san abin da ya tashe ta ba. Wannan bai ci karo da imani da ƙaddara ba. Imam Sanusi, mai littafin Ummul Barahin da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya ambaci rabuwar hukunci zuwa na hankali da na al'ada da na shari'a, kuma a fahimtar Ash'ariyya alaƙar sababi da abin da yake haifarwa hukunci ne na al'ada da Allah ya gudanar, wanda ake saninsa ta hanyar maimaituwa. Sanin cewa katse wuta a tsakiyar filashin yana kashe waya ilimi ne na wannan al'ada, kuma wanda ya fara aiki da batir saura kaɗan, bai ajiye kwafi ba, sannan ya ce haka Allah ya so, ya faɗi gaskiya game da ƙaddara amma bai wanke kansa daga sakaci ba.

Wanda zai biya

Mas'alar lamuni ita ce wadda ta fi jawo jayayya a bakin rumfa, kuma a kanta mazhabar Malik tana da magana filla-filla. Asali shi ne wanda aka ba amana ba ya biya sai ya yi sakaci, amma an keɓe masu sana'a, kamar maɗinki da marini da maƙeri, aka ɗora musu lamunin kayan da suka karɓa suka keɓanta da su, ko da lada suka yi aikin ko kyauta, saboda maslahar jama'a, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil. A mashhurin mazhaba, ko mai sana'a ya sharɗanta cewa ba ruwansa, sharaɗin ba ya amfanarsa, kuma ƙimar da zai biya ita ce ta ranar da aka miƙa masa kayan. Sai dai malaman sun togace ayyukan da haɗari yake cikin ɗabi'arsu, kamar huda lu'ulu'u da sassaƙa dutsen zobe, inda suka ce ba ya biya sai an tabbatar ya ƙetare iyaka ko ya yi aikin ba yadda masana suke yi ba. Ɗora baƙuwar manhaja ya fi kama da huda lu'ulu'u, domin ko gwani yana iya rasa waya a cikinsa, saboda haka idan mai gyara ya bayyana haɗarin, mai waya ya yarda, aka bi matakan da aka sani, asara ta mai waya ce, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma idan ya ɗora fayil na wani samfuri, ko ya share komai bai ajiye kwafin IMEI ba, ko ya karɓi aikin da bai iya ba yana koyo a kan dukiyar mutane, to wannan kuskuren sana'a ne kuma biya ya hau kansa.

Akwai kuma iyakokin da halaccin aikin yake tsayawa a kansu. Tun 2015 Android take da kariyar da take neman asusun mai waya bayan an goge ta, kuma kayan aikin da ake ceto wayar da mai ita ya manta kalmar sirri da su, su ne ake wanke wayar sata da su, don haka mai gyaran da ya karɓi waya a kulle daga hannun wanda ba shi da rasit ko kwali ko wata shaida, ya buɗe ta ko ya sauya mata IMEI, ya taimaka wajen cin dukiyar wani. Wayar tsintuwa ma hukuncinta cigiya ne har shekara, kuma goge ta yana share hanyar da za a gane mai ita. Hotuna da saƙonnin da mai gyara ya kwafe domin ajiya amana ce da ba a leƙawa, kuma ban da hanin shari'a a kan bin diddigin sirrin mutane, Nijar tana da dokar kare bayanan mutum tun 2017 da hukumar HAPDP mai kula da ita. Haka nan wanda zai sayar da wayar da aka taɓa buɗe wa butloda wajibi ne ya faɗa, domin wasu manhajojin banki suna ƙin aiki a kanta, kuma ɓoye aibin da yake rage ƙimar kaya algus ne da yake ba mai saye damar mayarwa.

Abin da ya fito daga wannan nazari shi ne sauya wa waya babbar manhaja halal ne a asalinsa, domin sarrafa mutum ne a cikin dukiyarsa, har ma yakan zama abin so idan ya tsamo waya mai lafiya daga juji, ganin cewa shari'a ta hana tozarta dukiya, duniya kuma ta zubar da tarkacen lantarki tan miliyan 62 a shekarar 2022 kaɗai. Halaccin yana tsaye ne a kan sharuɗɗa: wayar ta zama ta mai neman aikin ce, a san tushen manhajar da za a ɗora, a ajiye kwafi kafin a taɓa komai, kuma a fayyace wanda asara za ta hau kansa tun kafin a haɗa kebul. Ƙa'idar fiƙihu ta ɗaura cin amfanin abu da ɗaukar asararsa, saboda haka wanda ya karɓi mabuɗi daga hannun kamfani ya karɓi gadin gidan tare da shi, wanda kuma bai shirya wa gadin ba, barin ƙofar a kulle ya fi masa alheri.